C6H0, shekarar da 'yar ƙaramar makaranta ta kada Harvard

Jama'a sallama. Yau ba zancen Barsa ko Madrid zan yi ba, 'yan fada ku yi haƙuri, wata ƙwallo ce daban, irin ta Amurkawa wadda ake runguma a ruga da ita ana ture-ture ana kada juna, kuma labarin ma ba na jiya ba ne, na 1921 ne. Lokacin nan garin Maradi shina can ƙasa bakin gulbi tun kafin ambaliyar 1945 ta sa mutane su hau tudu, kuma Damagaram ce babban birnin ƙasa ba Yamai ba. To a wannan shekara ce wata makaranta mai suna Centre College da ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 300 ba ta tahi har gidan jami'ar Harvard ta ci ta, kuma har yau Amurkawa ba su bar zancen ba.

Bari in ɗan warware yadda wasan yake tukuna don na san da yawanmu in mun ci karo da shi a tele canza tasha muke. Mutum 11 ne kowane gefe kamar tamu, amma ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu. Hilin yadi 100 ne daga layi zuwa layi, wajen metir 91 ke nan. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama 4 ta ci yadi 10 gaba, in ta ci a sake ba ta wasu 4, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya samo ma ƙungiyarshi maki 6, sannan a ba su bugu ɗaya na ƙarin maki 1. Kusan shi ke nan. Sai dai a wancan zamani wasan ya fi na yanzu muni nesa ba kusa ba, hular fata ce kawai a kai babu ƙarfen kare fuska, wasu ma ba su sa ta tunda sai 1939 anka tilasta ta a makarantu, kuma mutum guda shi ne mai kai hari shi ne mai tsaro, ba kamar yanzu da kowane aiki ke da mutanenshi ba. A 1905 'yan wasa da dama sun mutu sanadin wasan har sai da shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan makarantu ya ce a gyara, daga nan ne anka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906. Kuma ku sani a lokacin wasan makarantu shi ne babba, gasar ƙwararru da ake ce ma NFL yanzu a 1920 anka kafa ta, jaririya ce ba wanda ya damu da ita.

Harvard kuwa kun san ta ko da a suna. An kafa ta 1636, makarantar ɗiyan masu kuɗi da masu mulki, ɗalibai dubbai, hilin wasanta na kankare ne tun 1903. A 1919 da 1920 ba ƙungiyar da ta ci su, sai dai kunnen doki sau ɗaya kowace shekara, kuma ranar 1 ga Janairu 1920 sun je Kalifoniya sun ci Oregon 7 da 6 a babban wasan nan na Rose Bowl. Ita kuma Centre College tana wani gari Danville a jihar Kentaki, garin da mutanenshi wajen 5,000 ne a lokacin, makarantar 'yan cocin Presbyterian da anka kafa 1819. Laƙabin ƙungiyarsu shi ne kanar-kanar masu addu'a, don kafin su hito hili sai sun durƙusa a ɗakin canza kaya sun yi addu'a.

To nan ne nake da magana. Yawanci in ana ba da labarin nan sai a maida shi kamar abin da ya faɗo daga sama, wai ga talakawa sun yi addu'a Allah ya ba su sa'a rana ɗaya. Addu'a kam sun yi, kuma ni ba zan raina addu'a ba, amma wanda ya bi labarin daga tushe zai ga aikin shekaru ne, kuma aikin wani mushe ne guda. Sunanshi Robert Myers, ana ce mishi Chief, tsohon ɗalibin Centre ne da ya tahi koyarwa a wata sakandare ta unguwar North Side a garin Fort Worth na jihar Tekzas, unguwar da ke kusa da kara da mahauta, yaran wurin ba ɗiyan hutu ba ne. Can ya haɗa ƙungiya ya horar da su, da sunka gama kuma bai bari sun watse ba, ya lallaɓa su ya turo su tsohuwar makarantarshi a Kentaki. Cikinsu akwai Bo McMillin da Red Weaver da Matty Bell. McMillin da Weaver ma takardunsu ba su cika ba, sai da anka kai su wata sakandare a garin Somerset sunka ƙara shekara, kuma can sunka gamu da wani ƙato Red Roberts wanda shi ma ya biyo su. Wato lokacin da sunka tsaya gaban Harvard wasunsu sun daɗe suna wasa tare tun suna yara, kowa ya san inda ɗan'uwanshi zai taka tun bai ɗaga ƙafa ba.

Myers kuma, da shi ma ya koma Centre ya zama koci, ya yi wani abu da ba kowa ke iyawa ba, da ya ga akwai wanda ya fi shi sanin aikin sai ya matsa gefe ya bar mishi kujerar koci tun a 1917. Wannan shi ne Charley Moran, yara na ce mishi Kawu Charlie, wanda ya riƙe ƙungiyar Texas A&M daga 1909 zuwa 1914 (ku riƙe sunan makarantar nan, za ta dawo). Mutumin nan aiki biyu gare shi, da bazara alƙalin wasa ne a babbar gasar besbol ta ƙasa, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, in kaka ta yi ya dawo Danville horar da yara.

Shi McMillin ɗin wani irin mutum ne. Shi ne madugu, mai raba ƙwallo da suke ce ma kwatabak. Ba ya shan giya ba ya shan taba ba ya zagi, amma fa ɗan caca ne na ƙarshe, da ita ma yake riƙe kanshi a makaranta, karatu kuma sai a hankali. An haife shi 1895, ku lissafa da kanku, a 1921 shekarunshi 26 amma shina nan cikin 'yan makaranta, ya ɗan yi aikin sojan ruwa lokacin yaƙin duniya na ɗaya. In da a gasar lise ta nan garin ne da tuni an ce a kawo takardar haihuwa lol.

A 1919 sun buga wasa 9 sun ci 9, har da jami'ar West Virginia da sunka ci 14 da 6 alhali ita West Virginia ɗin ta lallasa babbar jami'ar Princeton a shekarar. Walter Camp, wanda shi ke zaɓen gwanayen ƙasa duk shekara kuma maganarshi ita ce magana, ya sa McMillin da Weaver cikin 11 na farko. Wannan ne ya sa Harvard ta gayyace su a 1920. Kuma sun je, an tahi hutun rabin lokaci 14 da 14, mutanen Boston, garin da hilin Harvard yake, sun riƙe baki, amma da anka dawo sai ƙarfi ya ƙare musu tunda Harvard na da mutanen canji birjik su kuma ba su da, anka tashi 31 da 14. Ana ba da labarin cewa kyaftin ɗin Harvard Arnold Horween ya miƙa ma McMillin ƙwallon da anka yi wasan da ita don girmamawa, shi kuma ya ƙi karɓa ya ce baɗi za su dawo su ɗauke ta da hannunsu. Ni a wurina kashin nan da sunka sha a 1920 shi ne rabin nasarar 1921, don sun ga hilin, sun ji ihun mutanen, sun gane su ma 'yan adam ne ana iya ture su, kuma sun gane inda sunka yi sake, wato tsaro.

Ku dubi yadda sunka ci makarantun da sunka fara karawa da su a kakar 1921 ku ga ko sun gyara tsaron. Clemson 14 da 0. VPI 14 da 0. St. Xavier 28 da 6. Transylvania 98 da 0, wannan kam cin zali ne ba wasa ba. Sannan sunka hau jirgin ƙasa sai Boston.

Ranar Asabar 29 ga Oktoba 1921, mutum sama da 40,000 a hilin Harvard, wato ninkin mutanen garin Danville sau takwas. Gaskiya a faɗe ta, hankalin Harvard ya rabu, satin da ya wuce sun sha wuya hannun Penn State an tashi 21 da 21, sati mai zuwa kuma Princeton ke jiransu wadda ita ce abokiyar gabarsu ta gaske tare da Yale, don haka 'yan Kentaki ɗin nan kallon abin share hanya ake musu. Rabin farko ba wanda ya ci komai. Da anka dawo ba a jima ba Centre na yadi 32 daga layin Harvard, anka ba McMillin ƙwallo, Roberts ya shige gaba shina share mishi hanya, ya nufi dama kamar can zai bi duk masu tsaro sunka karkata, sai ya yanke ya koma hagu ya miƙe bakin layin gefe, masu tsaro biyu sunka biyo shi sunka cim mishi daidai bakin layin ƙarshe amma ya riga ya faɗa ciki. Maki 6. Bugun ƙarin maki ɗayan ma bai shiga ba. Daga nan har anka tashi aikinsu guda ne, tare hanya, kusan rabin wasa cur suna tare Harvard da jiki da haƙori kuma yawancinsu mutanen nan dai ne tun farko ba hutu. Ni wannan ya fi burge ni a kan gudun McMillin, gudun bai fi 'yan daƙiƙu ba, tsaron kuwa shi ne wahalar, kuma ba a cika kiran sunan waɗanda sunka yi shi ba.

An tashi 6 da 0. Ɗaliban jami'ar MIT, maƙwabtan Harvard da sunka zo musamman don su ga an kunyata ta, su sunka diro hili sunka ɗauki McMillin a kafaɗa sunka tumɓuke turakun gola. Ashe haushin maƙwabci ba a Maradi kaɗai yake ba.

A Danville kuwa gari ya rikice. Yaran makaranta sunka ɗauko fenti sunka bi gari suna rubuta C6H0 a duk abin da ya tsaya, bango, shago, har da shanu. Ma'anarta Centre 6 Harvard 0, amma an rubuta ta kamar lissafin shimi irin wanda mushen lise ke cika allo da shi, shi ya sa sunka riƙa ce mata haɗin da ba ya yiwuwa. Har yanzu akwai wani tsohon gini cikin makarantar da rubutun ke jikinshi. A 1950 kamfanin labarai na Associated Press ya ce wannan shi ne babban ba-zata na wasanni a rabin farko na ƙarni na 20.

In kuna son ku ji yadda abin yake a jiki, ku tuna Oktoba 2010 da Mena ta ci Masar 1 da 0 a Yamai, ƙwallon Moussa Maazou, alhali Masar ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Duk wanda ke da wayo lokacin ya san yadda garin nan ya kwana, masu kabu-kabu sun kusa kashe odarsu. Kuma ita ma nasarar ba ta tsaya a rana ɗaya ba tunda ita ta buɗe hanyar zuwa kofin Afirka na 2012 karon farko.

Abin da ke cina a rai shi ne mu ma muna da yaran. Wanda ke zuwa kallon gasar babban hutu a unguwanni ya sani, za ka ga yaro ɗan shekara 15 ƙafa ba takalmin kirki shina abin da sai ka miƙe tsaye, kuma ba shi kaɗai ba, su biyar ko shida ne da sunka saba da juna. Hutu na ƙarewa shi ke nan, wannan ya koma shagon babanshi a kasuwa, wannan ya hau babur, wancan ya bi motar Agadas neman zinariya, baɗi sai a sake tara wasu daga farko. Ba ƙwarewa muka rasa ba, irin su Myers ne ba su da yawa, mutumin da zai riƙe yara shida shekara biyar ko shida, ya bi su har wajen takardunsu na makaranta, kuma in ya samu wanda ya fi shi iyawa ya ba shi wuri ba tare da an kai ruwa rana ba. Akwai masu ƙoƙarin haka a unguwanni da kuɗin aljihunsu, na san da su, Allah ya saka musu, sai dai sau da yawa su kaɗai ne ba mai tallaba musu. A kokowa mun fi iya wannan, ɗan kokowa da ubangidanshi da makaɗinshi da masu yi mishi shiri ana tare shekara da shekaru, shi ya sa tun zamanin Kantu da ya fara ɗaukar takobi a 1975 sunan Maradi bai ɓace a hilin ba.

Akwai kuma wani gefe da bai kamata in tsallake ba don kar a ɗauka labarin talaka da mai kuɗi ne zalla. A lokacin nan baƙar fata ba shi da ikon zama aji ɗaya da farar fata a Kentaki, doka ce ta jiha tun 1904 da ake ce ma dokar Day, kuma ta kai har 1950 kafin a sassauta ta. Wato ƙungiyar nan da muke ta yabo, da ni da kai ba mu isa mu sa rigarta ba ko mun fi McMillin gudu. Abin mamaki kuma makarantun masu kuɗin na arewa su ne ke ɗan buɗe ƙofa, don a 1916 wani baƙar fata Fritz Pollard shi ya ja jami'ar Brown ta ci Harvard ɗin nan 21 da 0. To ka ga wanda ake tausayi a wani labari shi ne mai danne wani a wani labarin.

Mu koma kan kakar. Bayan Harvard ba su sassauta ba, Kentucky 55 da 0, Auburn 21 da 0, Washington and Lee 25 da 0, Tulane 21 da 0. Sannan anka gayyace su San Diego can bakin teku a Kalifoniya, tahiyar sama da kilomet 3,000 cikin jirgin ƙasa, sunka ci Arizona 38 da 0 ranar 26 ga Disamba. Wasa 10 ke nan, sun ci maki 320 an ci su 6 kacal.

Da sun tsaya nan da labarin ya yi kyau sosai. Amma a hanyar komawa gida sunka ya da zango a Dallas don wasa ɗaya ranar 2 ga Janairu 1922, kuma da wa? Texas A&M, tsohuwar makarantar Kawu Charlie. Ga gajiyar hanya, ga shi Tekzas gida ne wurin da yawansu ana ta liyafa da gaishe-gaishe, ga McMillin an ɗaura mishi aure gab da wasan, ango guda cikin hili. Kowa ya ɗauka cin A&M kamar an gama ne, daidai yadda anka ɗauka ma Harvard wata biyu baya. Anka ci su 22 da 14.

Kuma a wasan nan ne wani abu ya faru da ya fi wasan kanshi daɗewa. 'Yan A&M sun yi ta jin ciwo ana hidda su har benci ya kusa ƙarewa, sai kocinsu Dana Bible ya tuna da wani ɗalibi E. King Gill da ya taɓa buga musu kafin ya koma ƙwallon kwando, shina sama wajen 'yan jarida shina taya su gane 'yan wasa. Anka kira shi ya sauko ya sa kayan wani da ya ji rauni ya tsaya bakin layi shina jira ko za a buƙace shi. Har anka tashi bai shiga ba. Amma daga tsayuwar nan tashi ce A&M ta samo al'adar da suke ce ma mutum na 12, har gobe ɗalibansu a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, dubban mutane, wai kowa a shirye yake in an kira shi. Wato Centre ta je ta ba wasu nasu tarihin da kanta.

Kakar ta ƙare da ci 10 da faɗuwa 1, maki 334 da 28. Roberts ya shiga cikin 11 na Walter Camp a shekarar. A 1922 sun koma Boston babu McMillin, Harvard ta rama 24 da 10. Moran ya bar makarantar bayan kakar 1923, Myers ya sake karɓa kuma a 1924 sun ci Alabama 17 da 0, daga nan abin ya riƙa ja baya don manyan jami'o'in jihohi sun fara zuba kuɗin da ƙaramar makaranta ba ta iya bi. Yau Centre na buga rukuni na uku, inda ba a ba ɗalibi bursu don wasa.

McMillin shi ya zama koci, ya kai jami'ar Indiana ta ɗauki gasar manyan jami'o'i ta Big Ten a 1945, ya riƙe ƙungiyoyin NFL Detroit Lions da Philadelphia Eagles, ya rasu 1952. Digirinshi na Centre kuwa bai samu ba lokacin da ya bar makarantar don a shekararshi ta ƙarshe ya faɗi darussan, sai 1937 anka haɗa mishi da wasu kwasa-kwasai da aikin sojan da ya yi anka ba shi takardar, lokacin shina da shekara 42.